Na Kulle Bayanan Marasa Lafiya, Yayan Mijina Ya Ajiye Kwafi A Buɗe

Anti mai shawara, don Allah ki agaza mini kafin in yi abin da za a kira taron dangi a kaina.

Ina aikin kwamfuta a wani ɗakin gwajin jini. Duk sakamakon mutane yana cikin rumbun bayanan wata matsakaiciyar kwamfuta mai tsayin firji, a ɗan ɗakin bayan ofis mai sanyi. Mai kula da ita tun ina makaranta yayan mijina ne, kuma shi ya samo mini aikin. Danginmu ma a nan suke gwaji, har surukata.

Bana manaja ya ce a kulle bayanan, wato a rikiɗa rubutun yadda sai da mabuɗin sirri za a iya karanta shi. Na sha wahala, sai da na faɗaɗa gurabe a fayil don kullallen rubutu ya fi na asali tsawo, na ajiye mabuɗin a wani wuri daban. Yanzu wanda ya buɗe fayil ba izini, tarkacen haruffa kawai zai gani. To Yaya ya saba buɗe fayil kai tsaye ya gyara da hannunsa. Da ya ga tarkacen, sai ya ce na lalata masa na'ura. Na yi bayani har bakina ya bushe, ya gyaɗa kai, ashe gyaɗawar ce kawai. Makon jiya ina neman fili a na'urar na tarar da wani fayil: kowa da sunansa da cutarsa, a buɗe, masu karɓar baƙi ma za su iya gani. Ashe Yaya ne ya kwafe bayanan, wai ajiya ce ko da mabuɗi zai ɓata. Na goge, washegari ya dawo da shi. Mijina kuwa cewa ya yi in yi haƙuri, babba ne. Wallahi na gaji. In kai ƙararsa wurin manaja, ko in yi shiru?

Wadda Ta Gaji

'Yar'uwa, fushinki yana kan hanya, amma tsoron Yayanki ba shirme ba ne. Mabuɗi yana ɓata, kuma in ya ɓata, bayanan sun tafi ke nan. Ban ga inda kika ce kin gwada dawo da su a gabansa ba. Ki tuna kuma mutumin da ya yi shekaru yana karanta na'urar nan da idonsa, rana ɗaya kin mai da shi baƙo a ɗakinsa.

Ki daina gogewa a ɓoye, wannan wasan yara ne. Ki zaunar da shi a ofis, ba a gida ba, ku ɗauko kullallen kwafin ajiya na bayanan, ku buɗe ta da mabuɗin ya gani. Ki nemi manaja ya sa shi cikin mutum biyu masu riƙon mabuɗin ajiya. Sannan shi da hannunsa ya goge kwafin, cikin makon nan. In ya ƙi, ki gaya masa cikin ladabi za ki sanar da manaja, kuma ki sanar. Sirrin ba naki ba ne balle ki yafe shi don zumunci.

Mijinki kuma kada ki yi musu da shi. Ki tambaye shi kawai ko ya yarda mai karɓar baƙi ta karanta sakamakon mahaifiyarsa.

Allah ya sanyaya miki, ya bar zumunci.