Na ce da na'urata na ɗauki muryar Inna, alhali da wayar ƙanwata aka ɗauka

Assalamu alaikum Admin da 'yan group baki ɗaya. Don Allah a ɓoye sunana, garinmu ƙarami ne, ko sana'ata na faɗa wasu sun gane ni. Don Allah ku ba ni shawara, don yanzu ko gaida mahaifiyata zan shiga sai na tsaya bakin ƙofa na tattaro ƙarfin hali.

Ni mutumin Filinge ne, kayan sauti ne sana'ata, in ana biki ko wa'azi ni ake kira in kafa lasifika, kuma ina da ɗan shago kusa da kasuwa inda nike sa wa mutane waƙoƙi da karatu a kart memwar, wato katin ajiya na waya. Na taɓa zama Yamai wurin wani mai studiyo, daga can na dawo da wata aƙida, cewa abin da mutane ke saurare a waya, su MP3 da saƙon murya, ba sauti ba ne, an matse shi an zubar da rabi. Akwai wanda ake kira hi-res, fayil ɗinsa nauyi gare shi, waƙa guda sai ta cinye wurin waƙoƙi da yawa, shi na riƙe da hannu biyu. A majalisa in aka kunna abu sai in yamutsa fuska in ce kunnena bai iya ɗaukar wanga. Har suna suka sa min, Mai Kunne, kuma wallahi ina jin daɗinsa.

Innarmu 'yar wani ƙauye ce cikin ƙasar Kurfai, tana da waƙoƙin daka da na raino da ta gada wurin kakarmu, waɗanda tun da injin niƙa ya shigo ba mai yin su. Bara bayan girbi ƙanwata, bari in kira ta Hadiza, ta zaunar da ita tsakar gida ta ɗauki waƙoƙin da wayarta, ta turo min tana ta murna. Maimakon in sa mata albarka sai na hau ta da faɗa, na ce ta wulaƙanta muryar Inna, ta goge, kar ta kuskura ta tura wa kowa, na sa a kawo min na'ura daga Yamai da za ta ɗauka yadda ya kamata. Ta ce, "Yaya, ai ana jin komi." Na ce ke mi kika sani game da sauti? A gabana ta goge.

Na'ura ta iso, amma ban ɗauka ba. Yau in ce iska ta yi yawa, gobe in ce awaki na kuka, jibi in ce sai na samu makirufo mai kyau, ga bukukuwa sun taso ina yawo har garin Damana. Inna da kanta ta tambaye ni, ta ce, "Yaushe za ka kawo abin naka? Na tuno wasu, kar su sake gudu." Na ce ta yi haƙuri a gama bukukuwa. Kafin azumi hawan jini ya kayar da ita, ɓarin jikinta ya shanye. An yi jinya, Allah ya tashi kafaɗunta, tana gane kowa, tana ci da hannun hagu, amma magana ba ta fita sai da ƙyar, waƙa kuwa ta tafi.

Ran da dangi suka taru dubiya, Kawu, ƙanin Inna, ya juyo gaban kowa ya ce, kai da ka cika mu da zancen na'ura, ka dai ɗauki waƙoƙin nan ko? Ban san lokacin da na ce na ɗauka ba. Da na koma shago na duba wayata, ashe saƙon Hadiza na nan, ni da na sa ta goge ban goge nawa ba. Na zuba shi a ordinatar, wato kwamfuta, na juya shi ya zama babban fayil irin na hi-res. Duk mai sana'ar nan ya san hakan bai ƙara komi, kunun nan ne dai ka juye cikin babbar ƙwarya. Na sa a kart na rarraba wa dangi, na ce ga aikin na'ura.

Abin da ya biyo baya shi ya fi tayar min da hankali. Kawu ya saurara ya yi kuka, ya ce har numfashinta yana ji, waya ba ta iya wannan. Wani ɗan'uwanmu malamin lakwal, wato makarantar boko, ya ce yanzu ya yarda da ni, bambancin a fili yake. Kowa na yaba abin da babu shi. Sai na fara tambayar kaina, to ni fa, shekarun nan da nike yamutsa fuska, ji nike ko gani nike a rubuce? Na kira matata na ba ta waƙoƙin da na tabbata hi-res ne na gaske, da kwafinsu na yau da kullum, na sa ekuter, abin saurare na kunne, mafi kyau da nike da shi, na juya mata baya, na ce ta riƙa kunnawa ba tare da ta faɗa min wanne ne ba. Wani in dace, wani in faɗi, canki kawai nike yi. Ta fara dariya, da ta ga fuskata ta daina. Ban ce ba mai jin bambancin a duniya ba, wataƙila akwai, amma ni Mai Kunne ban ji ba. Kuma saboda wannan abin da ban ji ne na bar waƙoƙin da Inna ta ce ta tuno suka tafi, yanzu ba mai jin su har abada.

Hadiza ta sani. Ta saurara har ƙarshe, ta miƙo min wayar, ta ce, "Yaya, har zakaran maƙwabta ya fito da kyau a na'urarka." Akwai inda zakara ya yi cara tsakiyar waƙar raino, tana wurin lokacin da ya yi. Iyakar abin da ta ce ke nan. Ba ta faɗa wa kowa ba, tana gaishe ni, tana aiko wa yarana da abinci, kuma da zagina ta yi da ya fi min sauƙi. Inna ma ta sani, ai ita aka ɗauka. In an kunna kusa da ita ana yabona, sai ta tsura min ido. Rannan ta ɗaga hannunta mai lafiya ta nuna Hadiza, mutane suka zaci ruwa take so, aka kawo mata, ta sha kaɗan tana kallona.

Yanzu Kawu ya je ya yi magana da masu rediyon garinmu, za su sa waƙoƙin a shirin mata, kuma suna son in zo in yi bayanin yadda na ɗauka, don matasa su koyi adana muryar iyayensu. Kawu har ya gaya wa mutanen ƙauye su kasa kunne. Matata ta ce in je in roƙi Hadiza gafara a ɓoye, in ce wa Kawu ba ni da lafiya ran shirin, magana ta mutu. Amma in na yi haka ƙaryar na nan, kuma Inna na nan tana kallo, ba ta da bakin gyarawa. In kuma na faɗi gaskiya, Kawu da ya yi kuka gaban mutane zai ji na maishe shi abin dariya, majalisa ba za su taɓa bari na ba, kuma sana'ata kan wannan sunan take tsaye.

'Yan'uwa, mi ya kamata in yi? In fara da Kawu shi kaɗai, ko in tara gidan gaba ɗaya? In tura Hadiza rediyon ta yi bayanin da kanta, ko hakan ɗora mata kayana ne? Kuma wadda ba ta iya buɗe baki ta ce ta yafe, ta yaya ake roƙonta?