Inna da Kyamarar Tsakar Gida

Assalamu alaikum, Yaya Suhaibu.

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah Ya sa kana lafiya, kai da Anti Rahima da yara a can Fatakwal. Mu nan Gashuwa sai godiya. Ruwa ya ja baya, kifi ya wadata, ƙaninmu Modu kuma ya gama yankan shinkafarsa lafiya.

Maganar tsohuwar kyamarar da ka kafa a tsakar gida ce ta sa na rubuto. Tun da ka sauya kwamfuta ka ce baƙin allo kawai kake gani, na kasa gaya wa Inna. Ka san halinta. Kullum da hantsi sai ta yi wanka, ta ɗaura zane mai kyau, ta shimfiɗa tabarma daidai inda idon kyamarar yake, ta ɗaga maka hannu. Da can kakan kira ka tsokane ta, ka ce ka ga tana ba awaki dusa fiye da kima. Da tsokanar ta ɗauke, sai ta fara tambayata ko fushi kake yi da ita. Har tsumma ta ɗaura a kan sanda ta goge gilashin, wai ko yanar gizo-gizo ce ta tare ka. Na yi dariya, amma wallahi abin ya taɓa ni.

Shekaranjiya Babagana, abokinka mai gyaran kwamfuta, ya zo daga Nguru. Ya ce kyamara lafiyarta ƙalau, sabbin burauza ne, wato manhajojin shiga intanet, suka daina karɓar ƙaramar manhajar da take nuna hoto da ita, wai don tsaro. Na ce ashe su ma na'urori suna raina tsofaffi. Bai yarda a jefar da ita ba. Ya jona wani ɗan akwati a sola, akwatin ne zai karɓi hoton ya miƙa maka ta hanyar da burauzarka ta sani. Ya kuma yi mana faɗa kan lambar sirri, wadda ba a taɓa sauyawa ba tun daga shago. Sabuwar da adireshin suna cikin saƙon wayarka. Mun gwada a wayata, ga akuya tana cin shanyar ƙanwarmu Asta, tar da ita.

Saura naka. Gobe da hantsi ka buɗe. Na ga Inna ta ciro shuɗin leshin da ka aiko mata da salla. Kada ka tsaya yi mata bayanin burauza, ba ruwanta. Ka kira kawai ka ce shuɗin ya karɓe ta.

Ka gaishe da Anti Rahima, da Nuraini, da 'yar auta Sadiya. Inna ba ta ba ni saƙo ba, ta ce ai kana ganinta.

Ƙanwarka,
Wasila