Allon Hukuma a Zauren Kakanmu

Wurno, 10 ga watan Azumi, 1375

Zuwa ga ƙanena Abdulƙadiri, a Kaduna.

"Yaya Turai, kafin ruwan fari ina nan tafe da magina da takardar izini." Rubutunka ne, Abdulƙadiri, ga shi gabana, ya shekara biyu. Na sa shi gaban gaisuwa don kada ka ce na manta. Bayan haka, gaisuwa mai yawa da fatan kuna shan ruwa lafiya, kai da Larai da yara. Allah shi tsare ku, shi ƙara ma aiki albarka. Mu nan lafiya lau, sai Inna Fatsuma da ƙafa ta hana ta fita.

Kai ne ka zo da Bature da wakilin hukuma, kunka auna zauren kakanmu Malam Halliru, kunka ce abin tarihi ne, kunka kafa allon ƙarfe a bango: kada kowa shi taɓa ginin ko shi fitar da littafi sai da izini. Ranar har na yi guɗa. Ban san mi nake wa guɗa ba.

Shi Bature ban ga laifinai ba, garinsu da dutse suke gini. Amma kai da aka haifa cikin ɗakin ƙasa, ka san ginin da ba a taɓawa ruwa ne ka cinye shi. Tun muna yara, ko wace bazara unguwa ke yin gayya, maza su kwaɓa ƙasa, mu mata mu jiƙa makuba ta ɓawon ɗorawa, a yaɓe soron a gyara indararo. Abin da ya tsai da zauren shekara ɗari ke nan. Damina biyu yanzu ba wanda ya sa hannu. Na roƙi Lawwali magini, ya ce shina da iyali, ba ya son 'yan doka a ƙofarshi. Bangon gabas ya tsage, hannuna na shiga. Azara guda ta sauko, daidai kan gafakokin littattafan Malam.

Mutane ma sun bar zama ciki, wai gidan hukuma ne. Matan da nake karantarwa da hantsi sun watse ɗaya bayan ɗaya. Ni kaɗai nake shiga in share, in buɗe littafi in karanta da ƙarfi, don zauren shi ji muryar mutum. Tun rasuwar maigidana ban ji kaɗaici irin wanga ba. Na karanta labarin garuruwan da yaƙi ya ci da waɗanda wuta ta ci, ban taɓa cin karo da wanda girmamawa ta rushe ba sai namu.

Jiya hadari ya taso ta wajen Goronyo. Ina ba ka zuwa kwana uku bayan Salla. In ban ga takardar ba, ni da maƙwabciyata Kyauta za mu jiƙa makuba, in hau tsani da kaina. Allonku kuwa zan ciro shi, don faɗinai ya yi daidai da ɗaukar taɓo. In 'yan doka sun zo, in bi su gaban alƙali in karanta mai wasiƙarka tun daga bisimilla.

Inna Fatsuma na gaishe ka, da Kawu Atiku na Achida. Ka gaishe min da Larai, ka shafa min kan Ruƙayyatu.

Yayarka da ke jiran ka,
Turai Halliru