Tabon Lambar da ke Damtsena

Litinin, 6 ga Mayu, 2024
Umaima 'yar ƙanena ta zo gidana a Malali ido ya yi ja. Binciken digirinta ya tsaya. Tana neman jinin mutum talatin da aka yi wa lambar agana tun suna yara, ta samu huɗu kacal, malaminta kuma ya ce ta sake wani batun. Na zame mayafi na nuna mata tabon da ke damtsena. Sai ta ce, "Gwaggo! Ashe kina da shi?" Tun 1968 aka yi mini, muna layi a firamare, da wata allura mai kama da bindiga.

Alhamis, 9 ga Mayu
Ta ɗebi jinina. Wai akwai wasu sojojin jini, ƙwayoyin T, masu riƙe kamannin cutar da suka taɓa gani. So take ta san ko har yau suna tune. Ni da ke manta inda na ajiye tabarau.

Asabar, 18 ga Mayu
Na je Abakpa, unguwarmu ta da. Fitata ta farko tun rasuwar maigidana Alhaji, wata tara ke nan. Gida-gida na bi ina cewa a buɗe damtse. Malam Shu'aibu tela ya murtuke fuska: "Hajiya Hassana, jinin nawa ina za a kai shi?" Na ce inda aka kai nawa, ga ni kuma a tsaye. Ya yi dariya, ya kawo matarsa ma.

Laraba, 29 ga Mayu
Talatin da ɗaya! Ƙafafuna sun kumbura, ban damu ba.

Talata, 9 ga Yuli
Umaima ta shigo ko sallama ba ta ƙarasa ba. "Gwaggo, sun tuna!" Yawancinmu jinin ya motsa da aka gwada shi, nawa na cikin na gaba. Shekara hamsin da shida! Na rangaɗa guɗa har maƙwabta suka leƙo. Malaminta ya ce ta ci gaba. Ta ja kunnena kada in ce cuta ba za ta kama mu ba, binciken bai kai nan ba. To, na ji.

Juma'a, 12 ga Yuli
Bara'atu, wadda muka yi firamare tare, ta kira: gobe sunan jikarta a Doka. Na ce sai na gani. Na dai goge shuɗin leshina, don kada ya yi ta zama a akwati.