Hotona a Allon Taro

Yaya Radiyya,

Assalamu alaikum. Ya jikin Inna? Ya Baba da yara? Ni lafiya lau nake a unguwar Adjamé, Gwaggo Kande tana riƙe ni da kyau.

Akwai abin da ban faɗa wa kowa ba. Shekaranjiya Yazid ɗan Gwaggo ya kai ni wani taro a unguwar Treichville, wai in riƙe masa kaya. Ana koya wa 'yan kasuwa yadda shagonsu zai fito farko in an nema a waya. Sai ga hotona a babban allo, an ƙara wa fuskata haske, an rubuta wai man shafawa na shagon Gwaggo ne ya gyara ni. Yaya, ban taɓa shafa shi ba. Aka yi ta tafi, ni kuwa na sunkuyar da kai.

A mota na tambaye shi, ya yi dariya ya ce, "Ke baƙauya, wa zai gan ki?" To ba don a gani aka yi taron ba?

Don Allah ki duba a wayar mijinki ko hoton ya fito, kafin wani ya nuna wa Baba. In an sami mai zuwa, a aiko mini da kuka.

Yazid ya sayo mini sabon mayafi, wai gobe za a sake hoto. Na ninke shi na mayar masa ɗaki. Ba zan je ba.

Ƙanwarki,
Lailatu