Sunan da ke Kan Shagon Kabiru

Makera, Kaduna.

Zuwa ga Yayana Zakariyya'u,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata takardar nan ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Anti Jamila da yara. Allah ya ƙara rufa asiri, ya sa ruwan Fatakwal bai hana ku sakat ba. Mu nan alhamdu lillahi. Ƙanwarmu Nafisa ta sauka lafiya, an samu mace, ƙafar Inna ma ta yi sauƙi har tana zuwa barka da kanta. Na zaɓi rubutu ne maimakon waya domin na san halinka, sai ka yi ta ce mini "to, to" ka kashe, maganar nan kuwa ba ta "to, to" ba ce. A kan Baba ne.

Wani mutum mai suna Kabiru ya buɗe shagon magani a hanyar Kakuri. Bai rubuta kemis ba, bai rubuta asibiti ba, sai wata doguwar kalma, Apothecary. Mutanen unguwa sun kasa faɗinta, suka yanke masa suna Malam Afoti. Farar riga gare shi kullum a goge, da kwalabe jere babu takarda a jikin ko ɗaya. Ka san Baba da Turanci tun zamanin da yake masaƙa. Ya tsaya gaban allon nan ya karanta, ya dawo yana cewa wannan shi ne Turancin asali, irin na Turawan da ya yi aiki da su, wanda duk ya san kalmar nan ba ƙaramin mai ilimi ba ne. Yanzu ya daina shan ƙwayoyin hawan jininsa na asibiti, sai wani baƙin ruwa na Kabiru safe da yamma. Ƙafafunsa sun kumbura har takalmin masallaci ba ya shiga, ciwon kai kuma ya dawo, amma wai ciwon ne ke fita.

Hankalina bai kwanta ba, na hau keke Napep zuwa Sabon Tasha wurin Madam Deborah, wadda ta koya mana Turanci a sakandare. Ta tsufa, amma kan nan yana nan daram. Da ta ga kalmar sai ta yi dariya, da na faɗa mata inda na gan ta sai dariyar ta ɗauke. Ta ce tsohuwar kalma ce ƙwarai, asalinta daga Girkanci, ma'anarta rumbun ajiya. A Ingila ta dā haka ake kiran mai haɗa magani ya sayar, tun suna haɗe da masu sayar da kayan yaji, kuma talakan da ba shi da halin ganin likita wurinsu yake zuwa. Daga baya sunan ya gushe, kemis ya maye gurbinsa, yau sai a tsofaffin littattafai ko a shagon sabulu da turare don ado. Ta ƙara da cewa ko su na dā ɗin sai sun yi shekaru a hannun maigida, kuma akan shiga shagunansu a bincika, a ƙone maganin da ya lalace.

Ita ba ta zargi kowa ba, ni ce na yi ta juya abin a hanya. Duk sunan da ke da rai, irin su kemis, hukuma na tambayar takardarsa. Wanda ya je maƙabarta ya tono suna, ai akwai abin da yake gudu, ruwa ba ya tsami banza. Na shiga shagon kamar mai ciwon ciki, na tambaye shi inda ya yi karatu, ya ce ƙasar waje. Na ce wace ƙasa, sai ya shiga gyaran kwalabe. Takardar shaida kuma wai ya kai a sa mata gilashi.

Ga abin da ya fi ci mini rai, Yaya. Zan fita sai ya kira sunana, ya ce in gaishe ka, wai kun zauna tare a Fatakwal kuma kai ka ce ya kula da Baba. Baba ma haka yake faɗa, shi ya sa in na yi magana sai ya ce ko na fi yayana sani ne. Na so in ce ƙarya ce, sai na tuna lokacin Sallah ka ce maganin asibiti ba ya ƙarewa, ko a gwada wani abu. Ba na son zarginka, amma wallahi zuciyata ta kasa saki. In kai ka turo shi, faɗa mini gaskiya. In ba kai ba ne, to da sunanka ake shayar da mahaifinmu abin da ba mu sani ba.

Ko ma yaya ne, ka kira Baba da bakinka, maganarka kaɗai yake ji. Ya ce zai zubar da ƙwayoyin asibitin, na ɓoye su a ɗakina suna jiran wayarka. Madam Deborah ta ce kalmar nan ta mutu ba wanda ya yi mata zaman makoki. Baba fa ba kalma ba ne, in ya tafi ba mai tono mana shi.

Ka gaishe mini da Anti Jamila, da ɗanka Bello da ƙannensa. Inna da Nafisa suna gaishe ku. Allah ya sada mu da alheri, wassalam.

Ƙanwarka,
Asabe