Wayar da ta Shiga Ɗakin Baba

Gangare, Jos

Zuwa ga Yaya Sharafaddeen,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa da ladabi irin na ƙani wanda ya san matsayinsa, ina roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya. Inna lafiya lau, Ummusalma ta shiga aji uku, ni kuwa ina nan riƙe da muƙamin da na naɗa kaina, Babban Injiniyan Ƙwai na Ƙasar Filato.

Dalilin rubutuna shi ne na'urar ƙyanƙyasar da ka haɗa wa Inna kafin ka tafi. Inna ta zuba ƙwai cike da tire, su ne duk abin da take sa rai a kai a bana. Ran da na matsar da na'urar saboda yoyon damina, na ga wata waya tana reto a bayanta, kuma cikin hikimata mai zurfi na soke ta a ramin da ya dace da ita. Tun daga nan hitar da ke ɗumama ƙwan ta riƙa mutuwa ba dalili, ƙwai suna hucewa, ga sanyin garin nan da ka sani.

Na tuna karatunka, cewa ƙwaƙwalwar na'urar kamar malamin aji take, tana kiran kowane guntu da lambarsa ta kan waya biyu, shi kuma ya amsa. Na jona kwamfuta, na auna wuta, na duba ko dalma ta saki. Komai daidai, sai dai idan an kira ma'aunin zafi, amsar takan zo a cakuɗe, kamar mutum biyu sun amsa suna ɗaya. Sai na cire ma'aunin gaba ɗaya, na riƙe shi a tafin hannuna, na sake kira. Yaya, aka amsa.

Na bi wayar nan da yatsa ta gefen bango har ta shige ƙarƙashin ƙofar ɗakin Baba. A nan na tuna ma'aunin da ka sa masa lokacin jinyarsa, don mu san in ɗakin ya yi sanyi. Lambarsa ɗaya da na ƙwai, shi ya sa suke haɗa baki. Wannan ilmi ne, na yarda. Abin da ilmina bai kai ba shi ne, ɗakin yana kulle tun bayan arba'in ɗin rasuwarsa, rana ba ta shigarsa, amma zafin da ma'aunin yake ba ni na jikin mutum ne mai lafiya. Da tsakar rana ne, amma duk manyan kalmomina suka gudu suka bar ni.

Na faɗa wa Inna. Ba ta razana ba. Ta taɓa mabuɗin ɗakin da ke ɗaure a bakin zanenta, sannan ta ce in yanke wayar, mai rai ya fi buƙatar ɗumi. Na yanke, na mayar da ma'aunin ƙwai wurinsa. Hita ta kama, kuma yau da safe mun ji 'yan tsaki suna ƙwanƙwasa ɓawo.

Ka gaida Anti Maimunatu da ɗana Uzairu. Inna tana sa muku albarka. Tambaya ɗaya ta rage: a ina ka maƙala ma'aunin nan? In a bango ne, ka sanar da ni. In a ƙarƙashin matashin Baba ne, ka bar amsar a wurinka.

Naka mai biyayya,
Lukuman